Mai Tsani

Shekara sha ɗaya ina tsaron ƙofar nan ta Kakuri,
ni Dogara, tsohon soja, da ƙarfe a gwiwar hagu.
Katangarmu ta fi tsayin mutum biyu, ga waya mai ƙaya,
ga kyamara huɗu, ga kare da ba ya cin tuwon baƙo.
Ɓarawon dare bai taɓa gwada mu ba.
Na rana ne ya zo, ran Laraba, gab da azahar.

Tsani a kafaɗa, riga mai ƙyalli irin ta masu gyara,
ya rusuna ya ce, "Baba Dogara, ya gwiwar?"
Ban san shi ba, amma ya san gwiwata.
Wai Madam Asabe ce ta bar sallahu kafin ta tafi Abuja,
na'urar sanyin ofishin kuɗi tana ɗiga.
Tabbas tana Abuja. Tabbas na'urar na ɗiga.
Da gaskiya biyu ya ɗinka ƙaryarsa,
ban ga zaren ba.

Littafin baƙi na gabana, biro saƙale a kunne.
Na ce rubuta. Ya nuna hannuwansa, duka biyun da kaya.
Sai kunya ta riƙe mini harshe.
Yaron da ya gaishe ka haka, da wane baki za ka ce ina shaidarka?
Na zare sakata.

Ƙofar ciki ba ta jin magana sai ta ga kati.
Kyauta ce ta buɗe, sabuwar ɗauka, 'yar mutunci,
ta ga mai kaya a bayanta, ta tokare masa da ƙafa,
har da sannu da aiki.
Minti arba'in. Ya fito yana share gumi,
jakarsa ta ƙara nauyi,
ni na taya shi ɗora ta a keke napep.

Washegari kwamfutar albashi babu,
da sunan mutum ɗari biyu da lambar asusun kowa.
Kafin mako ya zagayo wayoyi suka soma ƙara:
"Daga banki ne, karanto mini lambar da ta shigo maka yanzu."
Tanko direba ya karanto.
Kuɗin makarantar 'yarsa ne, wata bakwai yana tarawa.

Aka kunna hoton kyamara a gaban manya.
Shi hula ta ci fuskarsa.
Ni kuwa ga ni tar, haƙora waje,
ina buɗewa.

Kakata ta sha faɗa, can bakin kogin da ya ba garin nan suna,
kada ba ya bin kowa da gudu.
Kwantawa yake kamar gungume
har ka kawo ƙafarka da kanka.

Ba su kore ni ba. Da sun kore ni da na fi samun barci.

Yanzu duk wanda ya zo, ajiye kayanka ka rubuta.
In ka ce wane ne ya aiko ka, in kira wanen
a lambar da na sani, ba wadda ka ba ni ba.
Kyauta ta koyi sakin ƙofa ta rufe a bayanta,
ta ce kullum sai ta ji kamar ta yi zagi.
Jiya mai kamfanin da kansa ya manto katinsa a Barnawa.
Na tsayar da shi a rana, gwiwata na rawa.
Ya dube ni, ya dubi agogo,
ya tura direba.

An lissafa asara a takarda, kwamfuta, kuɗi, kwanakin aiki.
Akwai wadda ba a sa ba.
In yaro ya rusuna ya gaishe ni yau,
bakina na amsawa,
idona na kan jakarsa.